Wayar da ta tsinke a kumbon Wind: nazari kan auna iskar Rana da hayaniyar eriya

A watan Agustan 2000 hannu ɗaya na doguwar eriyar kumbon Wind ya tsinke, kuma ana kyautata zaton ƙwayar ƙura ce mai tsananin gudu ta sare shi. A Satumban 2002 aka sake samun irin wannan. Eriyar waya ce siririya, kaurinta bai kai rabin milimita ba, hannu biyu, kowanne mita 50, wato mita 100 daga wannan bakin zuwa wancan. Jujjuyawar kumbon, zagaye ɗaya a kusan daƙiƙa 3, ita ke riƙe wayar a miƙe. Tun da hukumar NASA ta harba shi ranar 1 ga Nuwamba 1994 ba a yi tanadin wani ya je ya gyara masa komai ba, balle yanzu da yake zaune tun 2004 a kewayen matsayar L1, wurin da jan Rana da na Duniya ke barin kumbo ya zagaya Rana tare da Duniya, kimanin kilomita miliyan 1.5 daga Duniya ta ɓangaren Rana.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne wayar nan tana auna abubuwa biyu, yawan ilektaron a iskar Rana da zafinsu, amma tsinkewar ba ta taɓa su daidai ba. Ma'aunin yawa ya tsira kusan lafiya lau. Ma'aunin zafi kuwa ba ya tsayuwa sai an sake lissafin eriyar tun daga tushe.

Matsalar da wayar ta zo warwarewa

Iskar Rana filazma ce, wato gas da ya rabu zuwa ilektaron da furoton, da ɗan hiliyam kusan kashi 4 cikin 100. A nisan Duniya tana gudun kilomita 400 a daƙiƙa ko sama da haka, kuma ba ta da kauri ko kaɗan: ilektaron 5 zuwa 10 a kowane santimita kubik, zafinsu wajen ilektaron-bolt 10, wato digiri dubu 100 da ɗoriya a ma'aunin Kelbin.

Hanyar da kowa zai fara tunani ita ce a kama ilektaron ɗin a ƙirga. Wind na da na'urar yin hakan, 3DP, wadda Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙera. Sai dai hasken Rana na fizgar ilektaron daga jikin kumbon, gomman maikuro-amfiya a kowace murabba'in mita, alhali abin da filazma ke mayar masa bai kai maikuro-amfiya ɗaya ba. Saboda haka kumbon na ɗaukar caji har ya tsaya a bolt kaɗan sama da abin da ke kewaye da shi, sau da yawa tsakanin 5 da 10 da wani abu. Ga ilektaron mai ƙarfin ilektaron-bolt 10 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kumbon na janyo shi, yana ƙara masa gudu, yana lanƙwasa hanyarsa. Idan cajin kumbon bolt 8 ne, zafin kuma ilektaron-bolt 10, wanda ya ƙirga ba tare da gyara ba zai sami yawan da ya zarce gaskiya da kusan rabi. Wannan ma kafin a saka ilektaron ɗin da hasken Rana ya fizgo daga jikin kumbon, waɗanda ke komawa su cika ƙananan matakan na'urar. Gyaran na bukatar a san cajin kumbon, cajin kuma yana sauyawa da yawan ilektaron ɗin da ake nema. Abu ya zama kamar macijin da ya ciji wutsiyarsa.

Eriya ba ta kama komai. Saurare kawai take yi, kuma filazmar da take saurare tana da faɗin gomman mitoci, nesa da gajimaren cajin da ke manne da jikin kumbon.

Abin da waya ke ji

Kowane ilektaron da ya gifta kusa da waya yana jawo ɗan motsin lantarki a cikinta. Miliyoyinsu na giftawa ba tsari, don haka abin da ke isa risiba hayaniya ce zalla, irin shuuu ɗin rediyo a tsakanin tasha da tasha. Amma ba hayaniya ce mara siffa ba. Nicole Meyer-Vernet ta cibiyar nazarin taurari ta Faris da ke Meudon ta nuna a 1979 cewa siffarta na ɗauke da yawan ilektaron da zafinsu. Da wannan hanyar, a kumbon ISEE-3 bayan an sauya masa suna zuwa ICE, aka auna filazmar wutsiyar tauraruwa mai wutsiya Giacobini-Zinner ranar 11 ga Satumba 1985.

Lambobi biyu ke mulkin komai. Ta farko ita ce saurin kaɗawar filazma: idan aka ture ilektaron gefe guda, furoton za su janyo su, su wuce, su dawo, kuma saurin wannan kai-komo ya dogara da yawansu kaɗai. Lissafin mai sauƙi ne. A raba kilohaz ɗin da 9, a ninka amsar da kanta, abin da ya fito shi ne yawan ilektaron a santimita kubik. Kilohaz 27 na nufin 9, kilohaz 20 na nufin kusan 5. Ta biyu ita ce tazarar Debye, iyakar nisan da ake jin cajin ilektaron guda kafin sauran su rufe shi. Da zafi 10 da yawa 5, tazarar na kamawa kusan mita 10.5. Ke nan hannun Wind mai mita 50 ya ninka ta kusan sau biyar, kuma wannan ninkin shi ne jarin aikin gaba ɗaya.

Idan aka zana ƙarfin hayaniya a kan saurin kaɗawa, ana ganin yanki uku. Ƙasa da kaɗawar filazma akwai shimfiɗa kusan a kwance, domin a nan igiyar filazma ba ta iya tafiya, waya na jin ilektaron ɗin da suka wuce cikin tazarar Debye ne kawai. Tsayin shimfiɗar na bin zafin yawancin ilektaron, waɗanda za a iya kira na tsakiya. Daidai kan kaɗawar filazma sai zanen ya miƙe tsaye kamar bango, ya yi tsini. Igiyoyin Langmuir, wato kaɗawar ilektaron da ke yaɗuwa a cikin filazma kamar igiyar ruwa, su ne ke yin tsinin, kuma da yake kusa da bangon igiyoyin nan na da gudu ƙwarai, ilektaron masu zafin gudu ne kaɗai ke iya tayar da su. Su 'yan tsiraru ne, kashi kaɗan cikin 100, amma zafinsu ya ninka na tsakiya sau da dama, kuma su ke yanke tsayin tsinin da faɗinsa. Bayan tsini sai gangara: in aka ninka saurin kaɗawa sau biyu, ƙarfi ya ragu sau takwas. Tsayin gangarar na bin matsin ilektaron duka, wato yawa sau zafi, a raba da tsawon hannun eriya. Da lambobin da ke sama, a kilohaz 60 ana sa ran nanobolt 45 zuwa 50 a kan tushen haz ɗaya. Ƙanƙanin abu ne, shi ya sa dole hayaniyar risiba kanta ta kasance ƙasa da haka sosai.

Risibar da ke wannan aiki a Wind ita ce TNR, ɓangare na na'urar WAVES da Meudon da Jami'ar Minnesota da cibiyar Goddard suka haɗa. Tana saurare daga kilohaz 4 zuwa 256, kuma a tsarin da ya rufe zangon duka tana da matakai 96, goma sha shida a kowane ninki biyu. Tsakanin mataki da mataki kashi 4.4 ne cikin 100. Da yake yawa na bin murabba'in kaɗawa, kuskuren mataki ɗaya na zama kusan kashi 9 a yawa. Wanda ya tsaya a "mataki mafi tsawo" ya tsaya da wannan kuskuren. Wanda ya daidaita siffar zanen gaba ɗaya yana saukowa zuwa kashi kaɗan.

Daga zane zuwa lamba

Aikin na farawa da cire abin da ba na filazma ba: hayaniyar risiba, wadda aka auna tun kafin a warware wayoyin, da hasken rediyon taurarin Milky Way, wanda ke fara rinjaye daga ɗaruruwan kilohaz zuwa sama.

Sai a gyara asarar gindi, kuma a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Waya na da nata ƙarfin riƙe caji, gindinta da kebul da bakin amfilifaya ma suna da nasu, biyun kuma suna raba boltej ɗin tsakaninsu. Hannu mai mita 50 da kaurin milimita 0.4 yana riƙe kusan fikofarad 240 (fikofarad shi ne ma'aunin ƙarfin riƙe caji). Mu ɗauka gindinsa na da 40. Abin da ke isa risiba shi ne 240 a kan 280, wato 0.86 na boltej, 0.74 na ƙarfi. Amma 240 ɗin nan ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ƙasa da kaɗawar filazma tazarar Debye ce ke shiga lissafinta a madadin tsawon waya, kusa da tsini kuma tana sauyawa sosai. Ke nan ba a raba zanen da lamba guda a wuce. Ana lissafa asarar a kowane mataki, da irin yawa da zafin da ake gwadawa, a cikin daidaitawar kanta.

Daga nan a nemo bangon. Kuskure ne a ɗauki ƙololuwar tsini a matsayin kaɗawar filazma, domin tsinin na zama ɗan sama da ita, kuma yana ƙara matsawa sama yayin da tazarar Debye ke kusantar tsawon hannu. Wurin da zanen ya fi miƙewa tsaye shi ya fi kusa da gaskiya. Da yake zanen Wind miliyoyi ne, an horar da manhaja mai koyo ta riƙa gano layin filazma, wato wurin da bangon yake, aikin da Chadi Salem da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, inda suka yi amfani da yawan da eriya ta bayar wajen gano cajin kumbon da gyara ƙirgar 3DP.

Mataki na ƙarshe shi ne daidaitawa. Ana gina zanen lissafi da yawa, da zafin na tsakiya, da kason masu zafin gudu da zafinsu, a yi ta juya su har ya hau kan wanda aka auna. Dole a haɗa da wasu hayaniyoyi biyu da ke zaune a ƙasan zanen. Ɗaya ta furoton ce. Gudun zafinsu wajen kilomita 40 ne a daƙiƙa, iskar kuma na kwasarsu da 400, don haka hayaniyarsu na isowa a ture zuwa sama, wajen kilohaz 6 idan tazarar Debye mita 10 ce, kuma tana sauyawa da kusurwar waya yayin da kumbon ke juyi. Su ilektaron, masu gudun kusan kilomita 1,900, turin bai dame su ba. Ta biyu ita ce hayaniyar bugu, ta ilektaron da ke faɗa wa wayar kanta da waɗanda hasken Rana ke fizga daga jikinta. Tana ƙaruwa da faɗin jikin waya, tana kuma raguwa sau huɗu in aka ninka saurin kaɗawa sau biyu. Wanda ya manta da waɗannan biyun zai ga shimfiɗa ta ɗaga, ya ce ilektaron sun fi zafi.

Abin duba gaskiya yana nan a kumbon: kofunan Faraday, wato kofunan ƙarfe masu tara caji, na na'urar auna iskar Rana ta SWE suna ƙirga furoton da hiliyam, waɗanda ƙarfinsu ya kai wajen ilektaron-bolt dubu, bolt 8 ba ya girgiza su. Yawan ilektaron ya kamata ya yi daidai da na furoton haɗe da ninki biyu na hiliyam.

Bayan tsinkewar

Don a ga abin a fili, mu ɗauka hannu ɗaya ya rage mita 25, ɗayan na nan a 50.

Bangon bai motsa ba. Kaɗawar filazma dukiyar filazma ce, ba ta waya ba, kuma ana karanta ta ne a layin kwance na zanen, wanda agogon risiba ke tsarewa. Ko asarar gindi ta sauya, ko amfilifaya ya tsufa, kilohaz 27 na nan a 27. Abin da ya ragu shi ne kaifi: guntun hannun ya ninka tazarar Debye sau biyu da rabi ne kawai, don haka gudummawarsa ga tsini ta fi faɗi, ta fi matsawa sama. A ranakun da iskar ta yi sirara, yawa ya sauka zuwa 1 ko ƙasa, tazarar na haura mita 20, guntun hannun ya zama kusan kurma ga tsinin. Dogon hannun ne ke ceton ma'aunin. A ganinmu wannan shi ne babban dalilin yin waya fiye da tsawon da lissafi ya nema tun farko.

Zafi kuwa a layin tsaye ake karanta shi, kuma layin tsaye ya dogara da sanin eriya. Ga abin da ke ruɗa mutane: gajartar waya ba ta rage hayaniyar gangara, ƙara ta take yi. Kowane hannu na ba da matsakaicin boltej ne na tsawonsa, dogon hannu na shafe sauye-sauye da yawa, guntu na shafe kaɗan. Hannu biyu masu 50 na ba da kashi ɗaya da ɗaya, biyu ke nan. Da 50 da 25, ɗaya da biyu ne, uku. Ƙarin rabi. Sai dai guntun hannun yanzu yana riƙe kusan fikofarad 130 ne, gindinsa na nan a 40, don haka abin da ke wucewa ya sauka daga 0.86 zuwa 0.76. In aka haɗa biyun, gangarar ta ɗaga da kusan kashi 30 cikin 100. Wanda ya ci gaba da tsohon lissafi zai ba da rahoton cewa matsin ilektaron ya haura da kashi 30 a rana ɗaya, kuma babu abin da zai yi ƙara a manhajarsa, domin zanen na nan da kyakkyawar siffarsa. A lokaci guda siginar rediyo daga nesa, wadda ke bin murabba'in tsawon eriya, ta ragu zuwa wajen rabi. Tsinkewa ɗaya, ma'auni biyu, kowanne ya nufi nasa ɓangaren.

Wannan saɓanin shi ne kuma hanyar gano sabon tsawon. Hasken rediyon taurari ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka kwatanta ƙarfinsa kafin da bayan tsinkewa a ɗaruruwan kilohaz, inda eriya ke da gajarta idan aka gwada da tsawon igiyar, na ba da sabon tsawon aiki. Ba a hawa kusa da megahaz 1.5, domin a nan waya mai mita 100 ke amsa amon kanta, lissafin gajeriyar eriya ya rushe. Fashewar rediyon Rana nau'i na uku, wadda doguwar eriya da wata gajeriyar eriyar kumbon mai mita 15 ke ji tare, na ba da gwaji na biyu. Na uku shi ne gangarar kanta, a gwada ta da matsin da 3DP ta bayar bayan gyara. Lamba ɗaya ce za ta gamsar da ukun. Bayan haka sai a sake rubuta yadda eriya ke amsa kowane tsawon igiya, domin tsarin da aka saba da shi an gina shi ne a kan hannu biyu masu tsawo ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a nema ba aka samu. Eriya mai hannu biyu tana auna bambancin hannuwan ne, don haka duk abin da ya taɓa su daidai yana shafewa. Idan ƙura ta bugi jikin kumbon, ta fashe ta zama ɗan gajimaren filazma, cajin jikin na tsalle na ɗan lokaci, hannuwan biyu su gan shi daidai, ya ɓace a ragi. Da hannuwa suka bambanta, 0.86 da 0.76 ba sa shafe juna, wajen kashi 10 na tsallen na tsira. Bayan tsinkewar an ga siginar bugun ƙura ta yawaita a TDS, ɓangaren WAVES da ke ɗaukar gajerun tsallen boltej, kuma daga nan Wind ya zama ma'aunin ƙurar sararin samaniya na shekaru masu yawa. Ga mai neman zafin ilektaron kuwa, ƙofar da ƙura ta shigo ta nan hayaniyar jikin kumbon ma ke shigowa, ta zauna a kan shimfiɗar da yake karantawa.

Ranakun da ba a yarda da zanen ba

Ko da lafiyayyar eriya akwai lokutan da ake ajiye bayanai gefe. Idan layin maganaɗisu ya haɗa kumbon da bangon girgizar da ke gaban Duniya, inda iskar Rana ke cin karo da filin maganaɗisun Duniya, ilektaron da ke dawowa daga can na tayar da igiyoyin Langmuir da suka ninka hayaniyar zafi sau dubbai. Layin na fitowa ƙarara, yawa na karantuwa, amma batun zafi ya ƙare. Fashewar rediyon Rana na rufe gangara na mintoci ko sa'o'i, haka ma rediyon da yankunan hasken aurora na ƙuryar arewa da kudancin Duniya ke fitarwa a ɗaruruwan kilohaz. Filin maganaɗisu shi ne bai cika damuwa ba a nan: a nanotesla 5 ilektaron na kewaya shi sau 140 ne a daƙiƙa, nesa ƙwarai da kilohaz 20. A cikin filin wata duniya lamarin daban ne, kamar yadda kumbon Ulysses ya tarar a zoben filazmar Io, ɗaya daga cikin watannin Jufita, a Fabrairun 1992, inda zanen ya rarrabu bisa ninkin kewayen ilektaron.

Darajar siririyar doguwar waya na fitowa idan aka dubi kumbunan da ba su da ita. Tagwayen STEREO na 2006 ba sa jujjuyawa, don haka sanduna aka ba su masu mita 6 da kaurin santimita biyu da wani abu. Sun gaza tazarar Debye, jikinsu kuma da faɗi, sai hayaniyar bugu ta danne komai, layin filazma ba ya fitowa sai iskar ta yi kauri sosai. Parker Solar Probe, da aka harba ranar 12 ga Agusta 2018, sandunansa mita 2 ne kacal, da kaurin milimita 3. A nisan Duniya ba za su nuna tsini ba. Amma a kusantarsa ta farko a Nuwamban 2018, a nisan da ya ninka rabin faɗin Rana sau 36, yawan ya kai ɗaruruwa. Da 400 da zafi 30, kaɗawar filazma kilohaz 180 ce, tazarar Debye kuma ta sauko zuwa mita 2, daidai da sandar. A wannan gaɓar tsinin ya matsa sama da yawa, shi ya sa Michel Moncuquet da abokan aikinsa, a sakamakon da suka fitar a 2020, suka bi wurin da zanen ya fi miƙewa tsaye maimakon ƙololuwa. Sanduna biyu irin waɗannan na riƙe ƙasa da fikofarad 10 a haɗe, gindinsu ya fi su, don haka akasarin ƙarfin na ɓacewa kafin risiba, kuma kuskuren fikofarad biyu a lissafin gindi na shiga kai tsaye cikin zafin da za a wallafa.